Hujin da Na Faɗaɗa

Sai ranar Talata da hantsi suka yarda na ga babur ɗin. Yana jingine a bayan ofishin 'yan sanda, tsakanin wata mota da hatsari ya murƙushe da tarin kekunan da rana ta cinye wa tayoyi. Mai shi kuwa, mijin 'yata, yana ciki a bayan kanta tun jiya da safe.

Ga abin da suka ce ya yi. Ranar Asabar da la'asar wani mai babban babur ya shawo kwanar kasuwa a guje, akwatin da ke gefensa na dama ya kwashi wata mata mai sharar titi ya maka ta da bakin kwalbati, shi kuma ko waiwaye bai yi ba. Fuskarsa na cikin hular kwano, ba wanda ya gan ta. Amma kyamarar wani kantin takalma ta ɗauki bayan babur ɗin, lamba ta fito raɗau, da aka bincika kuma ta surukina ce. Matar ta kwana uku a asibiti, da safiyar nan ta cika. Sufeton da ke riƙe da maganar ya gaya mini, ko ɗago kai bai yi ba, cewa ƙarfe huɗu zai rufe takardu ya tura kotu, gobe a wuce da surukin nawa gidan yari, daga nan sai abin da alƙali ya gani.

Ni mai walda ne, shekara talatin da ɗoriya ina ƙona idona a kan ƙarfe. Manyan baburan nan na doguwar tafiya, masu akwati biyu a gefe da ɗaya a sama, suna da wata matsala: da an loda akwatunan sai su rufe lamba, 'yan sandan hanya su yi ta tsayar da mutum. Sai na ƙirƙiro nawa maganin. Nakan ƙera kariya, wato ƙarfen bayan da akwatunan ke hawa, in fito mata da ɗan hannu a can ƙarshe, in buga lambar a jikinsa da ƙusar da ba ta kwantuwa, saboda ɓarayi. Kariyar gaba ɗayanta tana zama ne a kan turaku biyu da nake walda wa babur, ɗaya hagu ɗaya dama, kowanne ya shiga hujinsa a danna makulli. In za ka canja taya ko ka yi wanki, minti ɗaya ka cire ta, minti ɗaya ka mayar. Ba yabon kai ba, duk garin nan ba mai yin irinta, kuma wanda ya ce akwai ya kawo mu gani.

Surukin nawa Likita muke ce masa, ko da yake aikinsa miƙa magani ne ta taga a asibiti. Ba zan ɓoye ba, jinina bai taɓa haɗuwa da nasa sosai ba. Sanyinsa ya yi yawa. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya fara gaishe ka tukuna. Amma ko maƙiyinsa ya san ba zai buge mutum ya wuce ba. Sai dai ba shi da shaida ko guda: ya sauko daga aiki ya kwanta barci shi kaɗai a gida, 'yata kuma ranar tana gidanmu wajen uwarta. Na ce wa Sufeto ya duba akwatin dama mana, ko ƙwarzane babu. Ya ce akwati ai a kasuwa ake sayar da shi.

Na tsuguna a bayan babur ɗin don kawai in yi wani abu da hannuna. Lambar tasa ce, ƙusoshina ne, ba a taɓa su ba. Na shafa kariyar, na girgiza ta, sai na ji ta ɗan yi motsi ta hagu. Aikina ba ya motsi. Na leƙa hujin hagu.

Hujin ba zagayayye ba ne, dogo ne, don ni na faɗaɗa shi da magagari mako uku da suka wuce. Turken yana zaune daram a tsohon wurin, inda na fara hudawa, fentin wurin ko gogewa bai yi ba. Ɓangaren da na faɗaɗa kuwa fayau yake, ba komai a ciki, amma ƙarfen wurin ya goge yana ƙyalli, kamar gindin tsohon cokali. Ƙarfe ba ya ƙyalli haka sai in wani ƙarfen ya daɗe yana gugarsa a hanya. Ke nan kariyar nan ta yi makonni a kan wani turke dabam, ba wannan ba.

Na san turken, domin ni na walda shi.

Likita da ɗana, wanda tun yana rarrafe ake ce masa Guguwa, rana ɗaya suka sayi baburansu, iri ɗaya, launi ɗaya, don su riƙa fita yawon ƙarshen mako tare. Ni na yi wa kowanne kariya. Aikin hannu ne, don haka turakun wannan da na wancan ba za su zo daidai ba, akwai bambancin da bai fi kaurin ashana biyu ba. Mako uku da suka wuce suka kawo mini su in sake fenti. Yadda nake yi kullum, sai in cire kariyoyin, in naɗe lambobin da jarida da salatif don kada fenti ya taɓa su, in sa alli in yi wa kowace alama, in rataye a bango in fesa. To, a jikin ƙarfen na yi alamar, fenti kuma ya bi ta kanta ya shafe. Da suka zo ɗauka na ɗauko ta farko na ɗora wa babur ɗin Guguwa, hujin hagu ya ƙi shiga. Na ɗora ɗayar a na Likita, ita ma ta ƙi. Mai hankali da nan zai tsaya ya ce ko dai na musanya su ne. Ni kuwa da taurin kaina sai na hau zagin mai sayar da fenti, na ce kayansa ne suka yi kauri suka cike hujin. Har Likita ya buɗe baki a hankali ya ce, ko a gwada juya su? Na ce masa in ina son shawarar walda ba tagar magani zan je nema ba. Na ɗauko magagari na faɗaɗa duka biyun, na ɗan shafa fenti a wurin, suka shiga. Su da kansu suka yage jaridar suna hira suka hau suka tafi. Wa yake tsayawa ya karanta lambar babur ɗinsa?

Ashe mako uku ɗana yana yawo da lambar Likita, Likita yana yawo da tasa. Yanzu kuma ga kariyar Likita ta dawo kan babur ɗinsa. Ba da ƙafarta ta dawo ba.

Na daɗe a tsugune har ɗan sandan da ya rako ni ya tambaya ko lafiya. Na ce masa gwiwa ce.

'Yata tana zaune a kan benci a baranda, da kwanon abincin da suka hana ta shigar da shi. Ita ce babba, Yaya duk gidan ke ce mata, har ni. Idanunta sun kumbura. Na zauna kusa da ita na tambaye ta, kamar ba da wata manufa ba, ko wani ya je gidansu tsakanin Asabar da jiya. Ta ce ba kowa, sai Guguwa da ya biyo ranar Lahadi da safe. Ya ce famfon gidansu ba ruwa, zai wanke babur ɗinsa a tsakar gidanta, har ya haɗa da na Likita ya wanke. Ta kai masa shayi bai sha ba. Ta faɗi haka tana ɗan murmushi, wai ko yanzu ma ya kira ta sau biyu yana tambayar yadda ake ciki, yaron nan akwai zumunci. Na ce mata zan je shago in dawo.

Ban je shago ba. Guguwa yana haya ne a wani bene, ɗaki ɗaya a hawa na biyu, babur ɗinsa kuma a ƙarƙashin matakala yake kwana. Aikinsa haɗa wutar sola a gidajen mutane, kuma ranar Talata da rana bai kamata a same shi a gida ba. Na tarar da babur ɗin an lulluɓe shi da tamfol har ƙasa. Na ɗaga. Lambarsa ce a jiki. Akwatin hagu na nan, na sama na nan, na dama babu. Na leƙa hujin hagu ina roƙon Allah Ya sa ni ne na ruɗe, na ga abin da na gani a can: turke a tsohon wuri, ɓangaren magagari fayau yana ƙyalli.

Na hau matakalar ina hutawa a kowane hawa, ni da nake ɗaukar tukunyar gas a kafaɗa. Ya buɗe ƙofa da gajeren wando da singileti, bai yi aski ba, ɗakin yana warin rufi. Da ya ga ni ne sai ya sha jinin jikinsa. Ya fara gaisuwa, ya ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Na wuce shi na durƙusa na janyo abin da ke leƙowa daga ƙarƙashin gado. Akwatin dama ne, kusurwarsa ta lotsa ciki, murfin ya tsage.

Ya zauna a bakin gado ya riƙe kansa. Ban tambaye shi komai ba, shi ya yi ta zuba. Wai bai gan ta ba, daga bayan wata motar kaya ta fito. Wai ya ji ƙarar amma ya ɗauka kwandon shara ne, da ya duba madubi ya ga mutum a ƙasa sai tsoro ya kama shi, hannunsa ya ƙi sakin maƙurar ba da wuta. Wai da ya iso gida yana duba ɓarnar ne ya lura lambar ba tasa ba ce, shi ma ranar ya fara sani. Ya ce ya mayar ne kawai don kowa ya riƙe tasa, bai san an ɗauki hoto ba.

Na tambaye shi yaushe hoton kyamarar kantin ya fara yawo a waya. Ya ce ranar Asabar ɗin da yamma.

“Ke nan ka ga hoton, ka ga lambar mijin yayarka a ciki, sannan ka kwana, ka tashi ka je gidanta ka maƙala masa.”

“Baba, lambarsa ce fa. Ko ban mayar ba wurinsa za su je.”

“Za su je su tarar da taka a bayansa, su zo nan. Abin da ka je gyarawa ke nan.”

Na gaya masa matar ta rasu. Ashe bai ji ba. Ya zame daga gadon ya zauna a ƙasa, ya fashe da kuka irin wanda rabona da in ji daga bakinsa tun yana firamare. Wallahi tausayinsa ya kama ni, har hannuna ya tafi zai dafa kansa, na janye. Cikin kukan ya shiga kawo dalilai, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Likita ba shi da tabo ko ɗaya, asibiti za su tsaya masa, lauya mai kyau zai fitar da shi tunda akwatinsa lafiya lau. Shi kuwa an taɓa kama shi da gudun wuce ƙa'ida har sau biyu, in ya shiga ba zai fito ba. Ya ce in tuna hawan jinin uwarsa. Da ya ga ban motsa ba sai ya ɗago ya dube ni da jajayen idanu.

“Kai fa ka musanya su, Baba. Da ka saurari Likita ranar, da duk wannan bai faru ba.”

Maganar ta shige ni, don rabinta gaskiya ce. Na ce masa na ji, nawa laifin zan faɗe shi da bakina a gaban Sufeto, amma ba ni na bar mace kwance a bakin kwalbati ba. Na ce ya sa riga mu tafi. Ya ce ba zai iya shiga a haka ba, in ba shi lokaci ya yi wanka, ya je ya ga uwarsa ya gaya mata da kansa, ƙarfe uku zai same ni a can. Ya rantse. Na dube shi na ga yaron da na koya wa hawan keke a layin bayan shago, ina riƙe da sirdi ina gudu. Na ce to, ƙarfe uku.

Da na sauko sai na tsaya a gaban babur ɗin. Na danna makulli na cire kariyarsa da lambar a jiki, na sauke akwatunan na ajiye masa, na roƙi buhu wurin mai shagon ƙasa na zura ta. Na gaya wa kaina wai don kada ya hau ya gudu ne, ba mai yin nisa da babur ba lamba. Amma na san dalilin da ya sa na ɗauke ta: ita ce shaidar, kuma na ji kunyar kaina.

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci na koma bencin. Na tura buhun ƙarƙashin ƙafafuna. Yaya ta tambayi mene ne a ciki, na ce aikin wani ne. Ta ce an bar ta ta ga Likita na minti biyar. Bai ci komai ba, an karɓe masa tabarau, yana ta laluben bango, amma abin da ya dame shi shi ne wai a je a yi wa iyalan matar gaisuwa, ko da ba shi ya yi ba. Na ji haushinsa ya kama ni, haushi na rashin dalili. Da ma mugu ne, da abin ya zo mini da sauƙi.

Akwai agogo a bangon barandar, irin mai ƙara ɗin nan. Ban taɓa sanin agogo na iya cika wa mutum kunne haka ba. Duk wanda ya shigo ta ƙofar sai na ɗago. Wata mata da aka sace wa waya, wasu direbobi biyu suna jan rigar juna, mai kawo ruwa. Ƙarfe uku ta buga. Na ce cunkoson hanya ne. Uku da kwata na zagaya bayan gini na kira wayarsa, a kashe. Na kira uwarsa na tambaye ta ko ya biyo. Ta ce rabonta da shi tun Juma'a, lafiya? Na ce lafiya, na kashe kafin ta ƙara wata tambayar.

A nan bayan ginin na tsaya, kusa da babur ɗin Likita, kuma ba zan yi wa kowa ƙarya ba, na yi tunanin yin shiru. Duk duniya ba wanda zai kalli hujin nan ya gane komai sai ni. In na ɗauki buhuna na koma shago, minti goma injin yanka ya gama da shi. Na ce wa kaina wataƙila yaron ya yi gaskiya, lauya zai fitar da Likita, wata shida, shekara ɗaya, ya fito ya ci gaba da miƙa maganinsa. Ɗa kuwa ɗa ne. Har na fara lissafa wanda zan kira ya nemo mana lauyan. Sai na hango Yaya ta kusurwar gini. Ta buɗe kwanon abincin ta duba, ta rufe, ta sake ɗaure shi da ɗankwalin da ta zo da shi, a hankali, kamar dai za a bar ta ta shigar. Ita ma ni na haife ta.

Saura minti ashirin ƙarfe huɗu ta cika na ɗauki buhun. Ta ce ina za ni, na ce ta zauna a nan.

Sufeto yana jera takardu yana buga musu hatimi. Na ce ina da magana a kan babur ɗin. Ya ce in dai roƙo ne in adana shi sai kotu. Na ce ba roƙo ba ne, aikina ne zan nuna masa, kuma in ya ga shirme ne ya haɗa ni da surukin nawa ya rufe. Ya dube ni, ya dubi agogon hannunsa, ya ja tsaki, ya tashi.

A bayan ginin na yi masa bayani tun daga alli har magagari. Ya saurara yana kaɗa mukullai a yatsa. Ya ce a aikin nan ya ji labarai iri-iri daga bakin surukai, amma wannan sabo ne. Ban yi musu da shi ba. Na ce ya tsuguna. Na nuna masa turken da inda yake zaune, na nuna masa wurin da ke ƙyalli, na ce ya sa yatsa ya ji santsinsa. Sannan na danna makulli na cire kariyar Likita na ajiye a ƙasa, na zaro ta cikin buhu na ɗora a kan babur ɗin. Turken hagu ya wuce tsohon hujin ya je ya zauna cif a kan wurin da ya goge, ko motsi babu. Na ce masa wannan ce ta yi mako uku a kan babur ɗin nan, har ranar Asabar. Waccan ta ƙasa, mai lambar da kyamara ta ɗauka, a kan wani babur take ranar.

Ya daina kaɗa mukullan. Ya cire ta da kansa ya mayar, ya sake cirewa ya gwada ɗayar, ya girgiza ya ji motsin. Ya kira wani kofur ya ce ya kawo kyamara da littafi, ya kuma gaya wa na ofis kada a tura takardun nan tukuna. Sannan ya juyo gare ni, muryarsa ta canja.

“Ina ɗaya babur ɗin yake, dattijo?”

Na faɗa masa layin, da benen, da ƙarƙashin matakala. Na ce akwatin dama yana ɗaki na hawa na biyu, in ba a ɗauke shi ba.

“Sunan mai shi?”

Na faɗi sunan, na gaskiya, ba Guguwa ba, sunan da ni na zaɓa masa. Kofur ya rubuta. Sufeto ya karanta, ya dubi takardar da na sa wa hannu da safe kafin a bar ni in ga babur, ya ga sunan uban yaron nawa ne. Daga baya ya tambaya a hankali ko na san inda yake yanzu. Na ce ya yi mini alkawarin ƙarfe uku, bai zo ba. Ya ce za su nemo shi, kuma zai fi masa sauƙi in shi ya kawo kansa, in ya kira ni in gaya masa haka. Ni ma, in ji shi, zan rubuta bayani, kuma kada in sake buga wa kowa lamba a jikin abin da ake cirewa. Na ce na ji.

Rubutun ya ɗauki kusan awa guda, har sai da kofur ya karɓa yana rubutawa ina faɗa. Aka tura mota benen. Sufeto ya ce Likita ba zai fita yau ba sai an ga akwatin, amma ba za a wuce da shi gidan yari gobe ba, ya kuma sa aka mayar masa da tabaraunsa aka karɓi abincin.

Da na fito Yaya tana tsaye a bakin ƙofa, ta riga ta ji daga bakin 'yan sandan kanta cewa an gano ba mijinta ba ne. Ta riƙe hannuna biyu tana kuka tana dariya, tana sa mini albarka kamar ita ce uwar. Ta ce ta san zan yi wani abu, tun tana ƙarama ba abin da ya taɓa fin ƙarfina. Sai ta share hawaye, fuskarta ta ɗaure, ta ce wane marar imanin ne, wane azzalumin ne ya kashe baiwar Allah ya bar mijinta a ciki? Ta ce Allah Ya sa ya ruɓe a gidan yari. Kafin in buɗe baki ta zaro waya daga jaka.

“Bari in kira Guguwa in gaya masa, tun safe hankalinsa a tashe yake.”

Na riƙe hannun da wayar take ciki.

“Yaya, zauna tukuna,” na ce mata.